Haƙƙin Malama Ne A San Ciwonta Cikin Kwana Sittin

'Yan uwa malamai da iyalan malamai, akwai aikin da muka ƙware a kansa a wannan reshe har ba ma jiran a tuna mana. Da zarar an ce wata malama ta riga mu gidan gaskiya, kafin sadakar uku an zagaya makarantu da takarda, kowa ya rubuta sunansa da abin da ya sawwaƙa, shugabanni su ɗauki ambulan su kai gidan makoki. Aikin alheri ne, Allah ya saka wa masu yi. Sai dai idan malamar nan tana raye, ta ji wani ƙullutu a mamanta, tana bukatar kuɗin mota da na hoto da na gwaji, babu takardar da ke zagayawa dominta, kuma sau da yawa babu wanda take jin za ta iya buɗe baki ta gaya wa. Ƙungiyar da ta tsara yadda za ta raka 'ya'yanta makwancinsu, amma ba ta tsara yadda za ta raka su asibiti ba, tana da tambayar da za ta yi wa kanta. Mun ɗauki alƙalami ne domin mu yi wannan tambaya, mu kuma miƙa ragowarta ga waɗanda ke riƙe da lalitar jama'a.

Dajin mama, wanda wasu ke kira sankarar mama, shi ne kan gaba cikin cututtukan daji da ke kama mata a Najeriya. Ƙididdigar da sashen binciken daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar game da shekarar 2022 ta nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da shi a ƙasar nan cikin wannan shekara kaɗai, sama da 16,000 kuma suka rasu. Malamin lissafi ba ya bukatar alli kafin ya ga abin da ke nan: a duk mata biyu da aka rubuta sun kamu, an rubuta mutuwar ɗaya. A ƙasashe masu wadata, mata tara cikin goma da aka gano suna da cutar suna nan da ransu bayan shekara biyar. Wani bincike da ya bi sawun majinyata a ƙasashen Afirka biyar, wanda aka buga a 2020, ya tarar cewa cikin matan Najeriya da ya bi, kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka kai shekara uku. Babban abin da ya raba waɗancan da waɗannan shi ne lokaci. Mafi yawan matanmu suna isa gaban likita ne bayan ciwon ya yi jijiya, ya kama hamata, wani lokaci har ya fashe.

Yayin da muke cikin wannan hali, likitocin hoto a Turai da Amurka suna can suna muhawara a kan wata dabara da ya kamata kowane malami ya san labarinta, ko don kada a zo a yi mana burga da ita. Hoton mama da aka saba yi, wato mamogiram, eksire ne: a matse mama tsakanin faranti biyu a ɗauki hoto. Ya ceci rayuka masu yawa, amma yana da rauni guda da likitoci suka daɗe da sani. A jikin hoton, kitse duhu yake fitowa, naman da ke samar da nono kuwa fari, ƙarin daji shi ma fari. Idan mace tana da mama mai cunkushewar nama, neman daji a hotonta ya zama neman farin zare cikin tulin auduga. Irin wannan mama ya fi yawa ga mata masu ƙarancin shekaru, kuma da yawa daga cikin majinyatan da ake gani a asibitocin Najeriya ba su cika shekara hamsin ba. Wato raunin wannan hoto ya fi faɗawa a kan irin matan da ke tsaye gaban allo a makarantunmu yau.

Sabuwar dabarar, wadda za mu kira hoton mama mai rini, ta ginu ne a kan wata ɗabi'a ta daji. Daji mayunwaci ne. Domin ya girma sai ya janyo wa kansa sababbin hanyoyin jini, kuma hanyoyin nan gini ne na gaggawa, yoyo suke yi. Sai likitoci suka ce, bari mu bi shi ta inda yake ci. Ana yi wa mace allurar wani ruwa mai sinadarin aidin ta jijiyar hannu, a dakata kamar minti biyu ruwan ya zaga jiki, sannan a ɗauki hoto biyu a kowane matsi, ɗaya da haske mai sauƙi, ɗaya da haske mai ƙarfi wanda aidin ke tarewa. Kwamfuta ta ɗebe wannan daga wancan, farin naman da ke rufe ido ya dushe, inda rinin ya taru ya fito fili. Ɗaukar hotunan duka ba ta cika wuce minti goma ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wannan dabara tun 2011.

Abin da ya ƙara ɗaga maganar shi ne sakamakon da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a watan Mayun 2025, na wani bincike da Farfesa Fiona Gilbert ta Jami'ar Kambirij ta jagoranta a Birtaniya. An ɗauki mata sama da 9,000 masu cunkushewar nama, waɗanda hoton da aka saba yi ya riga ya wanke su, aka sake duba mafi yawansu ta hanyoyi daban daban. A cikin kowane gwaji dubu, hoton mai rini ya tono daji kusan 19, gajeren hoton na'urar MRI ya tono kusan 17, sikanin mai sarrafa kansa ya tono kusan 4. A lura, matan nan duka an riga an ce musu lafiyarsu ƙalau. A kuma lura, domin mu malamai ne ba 'yan talla ba, binciken ya ƙirga adadin dajin da aka gano ne, bai ƙirga adadin rayukan da aka ceta ba. Wannan lissafin yana bukatar shekaru.

Me ya sa mutumin Gummi zai damu da abin da aka yi a Birtaniya? Saboda kafin wannan dabara, mai son ganin daji ta hanyar jininsa sai ya nemi MRI, na'ura mai ɗan karen tsada, mai ƙaton maganaɗisu da ba ya jure yankewar wuta da sanyi. Hoton mai rini kuwa da injin mamogiram ake yinsa, da yawa daga cikin injinan zamani ƙarin matacin haske da manhaja kawai suke bukata. A ƙasar da wutar lantarki take baƙuwa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Yana da sharuɗɗansa. Ana duba lafiyar ƙodar mai bukatar a duba kafin allura, dole a tanadi magani da ma'aikaci saboda waɗanda jikinsu ke ƙin aidin, ba a yi wa mai juna biyu, hasken da ke shiga jiki ya ɗan ɗara na hoton da aka saba, kuma rinin yakan taru a inda ba daji ba. Hukuncin ƙarshe yana hannun wanda zai ɗebi ɗan nama da allura ya sa a madubin likita.

To, da zarar an kawo irin wannan zance a ƙasarmu, mutane iri biyu ke miƙewa, kuma da dukkansu muke da ja.

Na farko su ne masu cewa wannan abin masu hali ne. Su ce, ku da kuke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowar yara da mutuwar mata wajen haihuwa, ina ku ina hoto mai rini? Maganar tana da kamar hikima, shi ya sa take da haɗari. Mun san tamowa, muna ganinta a fuskokin 'yan aji ɗaya. Mun kuma san abin da ke faruwa da yaran gida idan uwa mai shekara arba'in da biyu ta kwanta dama: na goye ya rame, ta firamare a ɗora mata talla, kujerarta a aji ta zama ta wani. Wanda ya raba lafiyar uwa da lafiyar ɗa bai taɓa riƙe rajistar aji ba. Kuma masu wannan magana, idan ƙullutun ya fito a gidajensu, ba sa tuna zazzaɓin cizon sauro; Alƙahira ko Indiya suke nufa. Talaka kaɗai ake yi wa wa'azin bin layin cututtuka.

Na biyu sun fi daɗin baki. Su ne waɗanda da sun ji sunan sabon inji sai idonsu ya yi haske, su ce a sayo, a yanka kyalle, a kira 'yan jarida. Mu ba sai an ba mu labarin ƙarshen irin wannan ba, domin a fanninmu muka gani: kwamfutoci cikin kwali a makarantar da babu wuta, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya mai sabon fenti da ƙwado a ƙofa, littattafai a sito gara na karatu. Injin da aka kafa ba tare da mai ɗaukar hoto da likitan da zai karanta ba, ba tare da ruwan allura da kuɗin gyara da wuta tsayayya ba, kabari ne na kuɗin jama'a. Ya fi haka muni ma idan ya yi aiki rabi: a nuna wa mace daji a allo, a sallame ta ba tare da an ce mata ga ƙofa ta gaba ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Abin da muke nema hanya ce, kuma akwai ma'auninta. A watan Maris na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da dajin mama, ta gindaya wa ƙasashe sharuɗɗa uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala duba mace da hoto da gwajin nama cikin kwana 60 daga ranar da ta fara zuwa asibiti, sannan aƙalla kashi 80 cikin ɗari su kammala magani ba tare da sun yanke ba. Na tsakiyar muka ɗauka muka sa a kan wannan rubutu, domin shi ne wanda kowa zai iya ƙirgawa da yatsa. Kwana sittin bai kai zangon karatu ɗaya ba. Malamar da ta je asibiti a makon komawa makaranta, ya kamata ta san matsayinta kafin a fara jarrabawa. Mu ana auna mu da jadawalin aiki da littafin shiga da fita, mai duba makarantu ya zo ya ƙirga makonni ya ga ko mun kai inda manhaja ta ce. Ba mu ga dalilin da zai sa a ƙi auna ma'aikatar lafiya da irin wannan mudu ba.

A bi hanyar da ƙafa, a ga inda kwanakin ke zubewa. Malama tana wani ƙauye a ƙasar Gummi ko Bukkuyum. Tambayar farko ita ce, wa zai duba ta? Idan namiji ne kaɗai a ɗakin shan magani, za ta koma gida ta jira, ko a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta a kamis ta sha wata guda. Idan an dace an duba ta, sai sikanin. Bayan sikanin sai ɗibar nama da allura. Naman sai ya je inda likitan madubi yake, sakamako ya dawo. Sannan tiyata, sannan ƙarin ruwan kashe daji zagaye bayan zagaye, sannan gashi ga mai bukata, wanda sai an dangana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko sabuwar cibiyar da aka buɗe a Katsina a 2025. Tsakanin kowace tasha da ta gaba akwai kuɗin mota, akwai neman izini a gida da wurin aiki, akwai kuma abin da mutumin Abuja ba ya sakawa cikin lissafi: hanyar kanta. Wanda ya taɓa bi ta Daki Takwas da Anka ya nufi Gusau a shekarun nan ya san irin addu'ar da ake yi a mota. A wurinmu, kalmar “a dawo mako mai zuwa” tana nufin a sake sa rai a tafin hannu sau biyu, zuwa da dawowa.

Nan ne hoton mai rini yake da amfani na haƙiƙa gare mu, kuma nan ne kaɗai muke goyon bayan a kashe masa kuɗi. Ba ma cewa a jera dukan matan Zamfara a yi musu allurar aidin. Hukumar Lafiya ta Duniya kanta ta ce ƙasar da tsarin lafiyarta bai yi ƙarfi ba ta fara da gano cutar da wuri ga masu alamu kafin ta shiga tantance masu lafiya. Muna cewa a samu wuri guda a Gusau, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko a Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, inda macen da aka turo daga Gummi za ta iso da safe, a yi mata hoto, idan namanta mai cunkushewa ne ko hoton ya bar shakka a yi mai rini, a ga girman ciwon da ko akwai wani a ɗaya ɓangaren, a ɗebi nama a ranar, ta kwana ta juyo. Sakamako ya same ta ta waya ko ta hannun likitan da ya tura ta. Dabarar da za ta mayar da tafiya huɗu ta zama ɗaya a kan hanyar Anka ta cancanci kuɗinta.

Amma tushen hanyar yana nan kusa da gida, kuma shi ne mafi arha. A birnin Mumbai na Indiya, likitocin asibitin Tata sun yi shekara ashirin suna bin mata sama da 150,000. Mata ma'aikatan lafiya, waɗanda ba likitoci ba, aka horar su riƙa duba mama da hannu duk bayan shekara biyu. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna an riƙa gano cutar tun ba ta yi nisa ba, kuma mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a tsakanin matan da suka kai hamsin. Hannu ne da horo, babu inji. Jihar da ke da kwalejin kimiyyar lafiya a Tsafe da makarantar jinya da ungozoma a Gusau ba za ta ce ba ta da inda za ta horar da irin waɗannan mata ba. A sa mace horarriya a kowane asibitin mazaɓa, a tabbatar da sikanin mai aiki da wanda ya iya duba mama da shi a manyan asibitocin Gummi da Anka da Bukkuyum, a ware rana guda a mako da motar asibiti za ta ɗauki nama zuwa ɗakin gwaji. Mace goma da suka zo da ƙullutu, har tara daga cikinsu za a iya tarar ba daji ba ne, su koma gida da kwanciyar hankali. Ta goman ce muke nema, kuma ba a gane ta da ido.

Mutanen wannan yanki ba baƙin irin wannan darasi ba ne. A 2010, lokacin da yara suka riƙa shiɗewa suna mutuwa a Dareta da Yargalma da Abare da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum, an yi ta laluben dalili har gwajin jini ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka tafi. Sanin sunan cutar bai wadatar ba: a Bagega likitocin ƙungiyar MSF sun kasa fara magani saboda ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasar ba, kuɗin kwashewar kuwa suka maƙale a Abuja, sai a farkon 2013 aka sake su bayan matasa da ƙungiyoyi sun cika ƙasa da kururuwa. Abu biyu muka tsinta a nan. Gwaji ba tare da abin da ke biye da shi ba, rubuta sunan mamaci ne tun yana numfashi. Kuma kuɗin gwamnati suna da kunne, amma sai an ɗaga murya suke ji.

Kada mu bar jaki muna dukan taiki, akwai laifin da ke cikin gida. Kowace ranar kasuwa motoci masu lasifika suna shelar maganin daji a kwalba, kuma cikin masu saye har da masu takardar shaidar malanta. An cusa wa mutane cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Asalin wannan zance a bayyane yake: mace ta shekara biyu tana shafe-shafe da hayaƙi, a kai ta asibiti bayan ciwon ya isa huhu da ƙashi, a yi abin da za a iya, ta rasu, sai a ce ƙarfe ne. Wanda ya ci kuɗinta shekara biyu ya fita da hannu wankakke, likitan da ya gan ta mako biyu ya ɗauki zunubi. Abin mamaki, masu tsoron allurar likita ba sa tsoron wanzamin da ke tsaga ƙullutu. Ko askarsa ta icce ce? Ba mu raina ilimin itatuwa na iyayenmu ba, kuma ba mu hana kowa addu'a ba, ita ce makamin kowannenmu. Amma mai sayar da ruwan kwalba ga mace mai dajin mama, yana hana ta zuwa asibiti, watannin da za a iya cetonta yake saye a hannunta da arha.

Ga alamun, kowa ya karanta wa na gida. Ƙullutu a mama ko a hamata, musamman wanda ba ya ciwo, domin rashin ciwon nan shi ke yaudarar mata. Fata ta lotsa ko ta yi kaushi kamar ɓawon lemo. Kan mama ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko ya riƙa fitar da jini. Gyambon da ya ƙi warkewa. Mai shayarwa kuma da aka ce kumburin nono ne, ta sha magani bai sauka ba, ta koma a sake dubawa. Haihuwa da shayarwa suna rage haɗari, amma ba su zama laya ba.

Yanzu ga 'yan uwanmu maza, waɗanda su ne mafi yawa a ɗakin taronmu. Da yawa daga cikin matan da ke ɓoye ciwon nan, abin da suke tsoro ya wuce mutuwa: suna tsoron a cire mama, miji ya juya baya, dangin miji su fara raɗa, a wayi gari da takarda a hannu ko amarya a ɗakin gefe. Wannan tsoro ba daga iska ya faɗo ba, sun ga an yi wa wasu. Namijin da ke koya wa yara tarbiyya da safe, ya hana matarsa zuwa asibiti da yamma don kada wani ya ga jikinta, ko don kada kuɗin taki su taɓu, ya san cewa idan an zo da wuri sau da yawa ƙullutun kaɗai ake cirewa a bar maman, idan an makara kuwa har ran ake rasawa. Kunya ado ce, mun yarda, shi ya sa muke neman a sa mata su duba mata. Kuma kada namiji ya ɗauka shi ya tsira: kusan ɗaya cikin ɗari na masu dajin mama maza ne.

Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, tana faɗowa cikin watan da duniya ta keɓe domin wayar da kai game da wannan cuta. Za a ga riguna ruwan hoda da huluna da tattaki a manyan birane. Ba mu raina wayar da kai ba. 'Yar Shinkafi, Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu, ta shafe shekaru tana wannan aiki ta gidauniyarta, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta haɗaɗɗiyar ƙungiyar yaƙi da daji ta duniya, kuma abin alfaharin jihar nan ne. Sai dai aikin masu faɗakarwa yana ƙarewa ne a ƙofar asibiti, daga nan na gwamnati ke farawa. A gaya wa mace ta duba jikinta, ta duba ta samu, ta zo ta tarar babu inda za ta nufa, an sayar mata da fargaba ne kawai.

Kuɗi kuma akwai alkawura a rubuce. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka ɗauki alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi domin lafiya. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan Najeriya. Gwamnatin Tarayya ta fara asusun tallafa wa masu daji a 2021 da asibitoci shida, wanda ya fi kusa da mu a cikinsu shi ne na Zariya. A nan gida akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta ZAMCHEMA, kuma Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024, bayan wadda ya ayyana a fannin ilimi. Malamar da ke fama da dajin mama tana tsaye ne daidai inda dokokin ta-ɓacin nan biyu suka haɗu. Mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa Naira 70,000 ne. Kowa ya ɗauki wannan adadi ya ɗora a kan kuɗin mota zuwa Sakkwato sau shida, da masauki, da abincin mai jinya, tun kafin a zo kan magani.

Namu rabon ba za mu jira kowa ba. Za mu kawo wa babban taron reshe ƙudurin a ware wani kaso na kuɗin walwala domin kuɗin mota da gwajin farko ga kowace malama ko matar malami da aka tura asibiti saboda ƙullutu, a bayar cikin sirri, ba tare da an karanta sunanta a gaban jama'a ba. Za mu nemi a daina lissafa ranakun zuwa gwaji a matsayin fashin aiki, domin mun ga wadda ta dawo daga jinya ta tarar da takardar tuhuma a kan teburinta maimakon sannu. Za mu kuma zaɓi malamai mata a kowace mazaɓa, a koya musu alamun nan da inda ake zuwa, su zama waɗanda ake iya raɗa wa magana. Wannan ba baƙon tsari ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u ta yi shi da jajojinta, mata masu malfa da ke bin ƙauyuka suna kai wa 'yan uwansu ilimi har tsakar gida, a zamanin da babu mota babu waya.

Ga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da ZAMCHEMA, reshen nan zai aika wasiƙa ta hannun uwar ƙungiya ta jiha, da tambayoyin da ba sa bukatar kwamiti. A faɗa mana a rubuce, a wane asibitin gwamnati ne malamar Gummi za ta sami hoton mama a yau, a wace rana ta mako, a kan nawa. A faɗa mana ko inshorar ma'aikaci ta ɗauki sikanin da ɗibar nama da karanta shi, ko kuwa ta tsaya a kan maganin zazzaɓi. A faɗa mana kwana nawa sakamakon nama ke ɗauka kafin ya dawo Gummi, da kuma ko cikin injinan da za a saya nan gaba an yi tanadin wanda zai iya hoto mai rini tare da mutanen da za su riƙe shi. Duk amsar da ta zo za mu buga ta cikakkiya a fitowa ta gaba, ba ragi ba ƙari. Idan ba ta zo ba, za mu bar gurbinta fari a wannan shafi, da kwanan watan da aka karɓi wasiƙarmu a samansa.